Yadda Ake Haɗa Ƙananan Motocin Yaƙin Bama da Yi Musu Fenti Don Wasan Tebur

Wasan yaƙi na kan tebur wasa ne da ake jera 'yan ƙananan sojoji da motoci na roba a kan fili mai itatuwa da tuddai, a auna tafiyarsu da tef, a sake buga wani yaƙi da ya faru a tarihi. Mai son shiga harkar daga yankinmu ba sai ya je nesa neman labari ba. A Yaƙin Duniya na Biyu, runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma sun fafata da Japanawa a Bama, ƙasar da yanzu ake kira Myanmar, kuma Hausa ce harshen da sojojin Najeriya da yawa suke magana da shi a cikinsu. Barikin Chindit a Zariya da na Myohaung a Legas daga can suka samo sunayensu.

Abin da za ka riƙe tun farko shi ne motar wasa daban take da motar ajiya. Hannu zai yi ta ɗaukarta, kuma daga tsaye ake kallonta. Ƙwari da fitowar kamanni su ne abin nema.

Zaɓen girma da mota

Girma uku aka fi amfani da su: 1/100 (wato an rage ainihin girman sau ɗari) mai tafiya da sojojin milimita 15, da 1/72 na milimita 20, da 1/56 na milimita 28 irin na wasan Bolt Action. Jif ɗin Willys, wadda ainihin tsawonta ya ɗan haura mita 3, takan fito kamar santimita 6 a 1/56. Tambayi abokan wasanka girman da suke amfani da shi kafin ka sayi komai. Ni 1/72 nake ba sabon shiga shawara, saboda ya fi sauƙin kuɗi, ga shi kamfanoni da yawa suna yin sa.

Kada ka cika tebur da tankoki. Runduna ta 81 a kwarin Kaladan da 'yan dako ta dogara, sai jiragen sama masu jefo mata kaya. Hanyar jif mai kusan mil 75 da ta shiga da ita kwarin, sojojin ne suka sare ta da hannunsu. Don haka jif biyu da ƙaramar motar sulke ta Universal Carrier sun wadatar. In ana son tanka, M3 Lee ce ta dace, mai igwar milimita 75 a gefen jikinta da ta milimita 37 a sama, irin wadda sojojin Birtaniya suka yi aiki da ita a yankin Arakan na Bama a 1944.

Haɗawa

Fara wanke robar da ruwan sabulu, ka bari ta bushe, domin maiƙon masana'anta yana hana fenti kamawa. Yanke kowane ɓangare da abin yanke farce, kada ka murɗe shi da hannu. Kankare ɗan layin da ke bin gefensa da bayan reza, ka bi da samfefa mai laushi. Kula da bakin igwa musamman, don layin da ka bari a nan zai fito ɓaro-ɓaro bayan fenti.

Gwada haɗa ɓangarorin babu gam tukuna. In sun zauna daidai, sai ka sa gam ɗin roba irin na Tamiya ko Revell, wanda yake ɗan narkar da fuskokin biyu su zama abu guda. Ɗigo ɗaya a bakin tsinken sakace ya isa. Idan motar ta ƙarfe ce ko ta rezin, wannan gam ba ya kama ta, sai sufa gulu.

Kada ka manne kan tankar mai juyawa, domin a wasa ana buƙatar juya shi. Sa masa ɗan maganaɗisu a ƙasa, wani kuma a jikin tankar, amma ka tabbatar suna jan juna kafin gam ya kama. Eriya ta roba karyewa take yi tun wasan farko. Gashin tsintsiyar roba ya fi ta, yana lanƙwasa ya dawo. Daga nan loda kaya: jarkoki, akwatunan harsashi, da tamfol na takardar tishu da aka jiƙa da farin gam na kafintoci aka naɗe. Motar daji ba ta tafiya wayam.

Fenti

Nan ne aikin yake. Kafa motar a kan murfin kwalba da ɗan abin liƙi don yatsa kada ya taɓa ta. Fesa mata fentin shimfiɗa, baƙi ko ruwan toka, daga tazarar kamar santimita 25, feshi gajere-gajere, a waje cikin inuwa. Ranar da hazo ya sauko a haƙura da feshi, don ƙura za ta zauna a kan ɗanyen fenti.

Launin jiki kore ne mai duhu, wanda ya karkata zuwa ruwan ƙasa. Fentin akirilik mai narkewa a ruwa, kamar Vallejo, shi ya fi daɗin aiki. Tsinka shi da ruwa har ya yi kaurin madara, ka shafa sau biyu ko uku, kowace shafa ta bushe kafin ta gaba. Shafar farko za ta fito dabbare-dabbare, kada hakan ya dame ka. Fenti mai kauri shi ke cike kawunan ƙusoshin da suka yi wa tankar Lee ado, kuma in suka nutse ba su dawowa. A zafin bazara fentin kan bushe tun yana kan faranti, to shimfiɗa jiƙaƙƙen soso a murfin roba, ka ɗora takardar gashin burodi a kai, ka riƙa dama fentin a nan.

Zaɓi kore mai ɗan haske fiye da na ainihi. Ƙaramin abu yakan yi duhu a ido, ga shi matakin gaba zai ƙara masa duhu. Matakin kuwa shi ne dama fenti ruwan ƙasa da ɗan baƙi su yi ruwa tsululu, ka taɓa bakin buroshi a kwanar ƙofa ko gindin ƙusa. Za ka ga ruwan ya bi layin da kansa, ya zagaye kowace ƙusa da inuwa. Inda ya taru a fili, ɗauke shi da buroshi mai laima kafin ya bushe ya bar zobe.

Bayan ya bushe sarai, ɗauki tsohon buroshi mai faɗi, tsoma shi a kore da aka haɗa da ɗan rawaya, ka goge a tsumma har ya zama kamar babu komai a jikinsa. Ja shi a hankali daga sama zuwa ƙasa. Gefuna da kawunan ƙusoshi kaɗai za su ɗauka, nan take motar ta fito daga nesa. A ganina wannan mataki ya fi kowanne biyan wahala.

Tayoyi ruwan toka mai duhu ake yi musu, baƙi wuluk ba ya kama da tayar da ta sha hanya. Sarƙar tanka ruwan ƙasa mai duhu, sai a goga mata bakin fensir ta yi ƙyallin ƙarfe. Tamfol da jakunkuna ka bambanta launinsu da na jikin motar.

Tambari da taɓo

Sitikar tambari a ruwa ake jiƙa ta. Shafa banish mai sheƙi a wurin da za ta zauna, in ba haka ba iska za ta maƙale a ƙarƙashinta ta yi fari-fari. Tambarin runduna ta 81 baƙin gizo ne a kan rawaya, na ta 82 kuwa mashi biyu ne gicciye a kan gammo. In ba ka samu sitikarsu ba, ɗan murabba'i rawaya da ɗigon baƙi mai ƙafafu ya isa a wannan girma.

Taɓo kuwa ka yanke shawara tun wuri: rani kake nunawa ko damina? An ƙwace garin Myohaung na Bama a Janairun 1945, lokacin rani, saboda haka ƙura mai haske ce ta dace da motocin wannan yaƙi. Kankare alli mai launin ƙasa, ka shafa garin a tayoyi da ƙasan mota. Don damina, haɗa farin gam da tankaɗaɗɗen rairayi da fenti ruwan ƙasa, ka dangwala a inda taya ke watso shi kaɗai. Yawancin masu farawa a nan suke wuce gona da iri, su binne fentin da suka sha wahalarsa.

Rufe aikin da banish marar sheƙi, shafa biyu, a ranar da babu laima a iska, domin feshin banish cikin damshi yana barin farin hazo a kan fenti. Sannan manna jif a kan ɗan falle na katako ko kwali mai tauri, yadda 'yan wasa za su riƙa ɗaukar fallen maimakon motar. Wajen ajiya, akwati mai soso ya fi, kuma kada ka bar shi cikin motar da ke fake a rana, don zafin yana lanƙwasa bakin igwa.