Babi na Shida: Awon Jini da Kariya Daga Shanyewar Ɓarin Jiki

Shanyewar ɓarin jiki daga ƙwaƙwalwa take farawa. Jijiyar da ke kai mata jini ce take toshewa ko ta fashe. Babban abin da ke jawo haka shi ne hawan jini, wanda yakan daɗe a jikin mutum shekara da shekaru ba tare da ciwon kai ko jiri ba. Sai an auna ake gane shi.

Darasi na 1: Karanta lambar awo

Ku je asibitin sha-ka-tafi ko kemis mai na'urar awo. Kada ku ci goro ko ku sha taba minti 30 kafin awon. Ku zauna minti 5 tukuna, baya a jingine, ƙafafu a ƙasa ba a harɗe ba, hannu a kan tebur daidai ƙirji. Lokacin da robar na'urar take matse dantse, a yi shiru.

Gilashin na'urar zai nuna lamba uku, a nan ne yawancin ɗalibai suke rikicewa. Ta sama babba ce. Ta tsakiya ta fi ta ƙanƙanta. Ta can ƙasa bugun zuciya ce, ku bar ta. Biyun farko muke so.

Ku ɗauki biro da littafi. Ku rubuta ta sama. Ku ja karkataccen layi. Ku rubuta ta tsakiya. Ga misali: 120/80. Ana karanta shi ɗari da ashirin bisa tamanin, kuma wannan lafiya lau ne. Ku sake. Ta sama tukuna, sai layi, sai ta tsakiya. Idan gilashi ya nuna 150, 95 da 78, me za ku rubuta? 150/95. Wanda ya rubuta 150/78 ya ɗauko bugun zuciya, ya goge ya sake, ba abin kunya ba ne. Ta sama, layi, ta tsakiya. Ku sa kwanan wata a gefe.

Idan ta sama ta kai 140, ko ta tsakiya ta kai 90, kuma aka sake awo wata rana aka ga haka, alamar hawan jini ce, ku kai wa ma'aikacin lafiya littafin. Ɗaya ma daga cikinsu ta haura, ya isa.

Darasi na 2: Magani

Nan kam sai na yi faɗa. Mutum ya sha maganin hawan jini wata guda, ya ji garau, ya ajiye kwalin a kan taga. Haba jama'a! Maganin ne ya sauko da lambar, ana daina sha za ta sake hawa. Kullum ake sha, a lokaci guda, misali bayan sallar asuba. Kada ku ari na maƙwabci. Mai ciwon suga ya riƙe nasa maganin haka nan, domin shi ma yana cikin haɗari.

Darasi na 3: Alamomin shanyewar ɓarin jiki

Baki ya karkace, hannu ɗaya ya saki, ko magana ta sarƙe farat ɗaya. A duba agogo a riƙe lokacin. A kwantar da mutumin a kan gefensa. Kada a ɗura masa ruwa, kunu ko rubutu, domin maƙogwaro kan kasa haɗiya, abin ya faɗa huhu. A yi addu'a a cikin mota, a nufi babban asibiti mafi kusa. A Gusau akwai Asibitin Tarayya da Asibitin Yariman Bakura. Ko alamun sun wuce bayan minti 10, a je a ranar.

Darasi na 4: Abinci

Gishirin mutum ɗaya a yini kada ya kai gram 5, wato ƙaramin cokali ɗaya, har da na cikin dunƙule da yaji. A ƙara zogale da rama. A bar taba.

Darasi na 5: Motsa jiki

Tafiya da sauri, minti 30, kwana 5 a mako.