Babi na 6: Yadda ɓarayin intanet ke ɓoye maganarsu

Darasi na 1

To jama'a a ajiye biro tukuna, kowa ya ɗauko wayarsa. Muddin data na kunne ko kana kan wayfay, wayarka aika saƙo take tana karɓa, ko barci kake. Muguwar manhaja in ta shiga waya ko kwamfuta yawanci sai ta riƙa magana da uban gidanta, ta kai masa abin da ta sato ta karɓo umarni, kuma ba za ta buɗe sabuwar hanya ba don za a gane ta, sai ta cusa maganarta cikin saƙonnin da kowa ke aikawa kullum. Kamar ɗan sumoga ne da ya tura kayansa tsakiyar buhunan albasa, mai duba mota ya leƙa ya ga albasa ya ce a wuce.

Hanya ɗaya da suke so sunanta DNS. Duk sanda ka rubuta sunan shafi, wayarka sai ta tambayi wata kwamfuta lambar shafin, wannan tambayar ita ce DNS, kuma ba kasafai ake toshe ta ba don in an toshe ba shafin da zai buɗe. Shi ɓarawo sai ya yayyanka bayani gutsi-gutsi ya saka cikin sunan da ake tambaya. Haka aka yi wa kamfanin SolarWinds na Amurka, abin da ya fito fili a Disamba 2020. Ɓarayi suka gurɓata manhajar kamfanin, kwastomomi wajen 18,000 suka sauke gurɓatacciyar manhajar, ita kuma ta yi lamo kusan mako biyu kafin ta fara aika irin waɗannan tambayoyin, har ma'aikatar kuɗin Amurka ba ta tsira ba.

Darasi na 2

Yanzu aiki. Shiga setin, wato alamar nan mai haƙora kamar giyar keke. Nemi inda ake nuna data, taɓa sunan manhaja ɗaya. A yawancin wayoyin Android za ka ga layi uku. Na sama jimla ne, bar shi. Na tsakiya ya fara da harafin F, shi ne datar da ta ci kana amfani da ita, shi ma bar shi. Na ƙasa ya fara da harafin B, shi ne datar da ta ci a bayan idonka. B muke nema.

Sannu a hankali Baba, ba gudu ake ba. Ɗora yatsa kan B. Karanta lambar gefen B. Hajiya wannan jimla ce kika karanta, sauko ƙasa, yauwa, B ɗin nan.

WhatsApp in ya ci data a B ba laifi, saƙo yake jira. Amma tocila ko kalkuleta me ya haɗa su da intanet da tsakar dare? Koma baya, taɓa wata manhajar, sake neman B.

Haba jama'a, har yanzu wasu lambar sama suke kawo min suna cewa Malam an yi min kutse! Sau nawa zan faɗa? Ba na sama ba, ba F ba, B. Wanda bai duba manhaja biyar a gida ba kar ya ce min ya gane. Kuma ku sani wannan dubawar ba kowane ɓarawo take kamawa ba, wani datar da yake ci ba ta taka kara ta karya ba.

Darasi na 3

Manhajar da ba ka san ta ba, goge ta. A daina karɓar manhaja ta Xender ko ta guruf, a sauke daga Play Store, a bar Play Protect, wato mai gadin Play Store da ke duba mugayen manhajoji, a kunne. In waya ta nemi a sabunta ta a yarda.

Darasi na 4

Wannan na masu aikin ofis ne. Ku gaya wa mai kula da kwamfutocinku ya riƙa duba tambayoyin DNS, sunaye dogaye marasa ma'ana, da kwamfutar da ke kiran waje ɗaya a kai a kai ko ba kowa a ofis. Shi ya san sauran.