Yadda Ake Karanta Bayanan Waɗanda Suka Tsira Daga Guguwar Galveston ta 1900

Masu sha'awar tarihi da yawa sukan samu wasiƙu da bayanan mutanen da suka tsira daga guguwar tekun da ta afka wa birnin Galveston na jihar Texas a Amurka ranar Asabar, 8 ga Satumba 1900, su karanta su a jere a zama ɗaya, su tashi da tsoro cike da ciki amma ba su iya faɗin abin da ya gabaci wani ba. Wasu kuma da sun ga shaidu biyu sun saɓa sai su ce duk shaci-faɗi ne. Tushen kuskuren ɗaya ne, wato ba a tambayi inda mai magana ya kwana a daren ba, ba a kuma duba lokacin da ya ba da labarinsa ba.

Da farko ka nemi taswirar birnin. Ba sai ka kashe kuɗi ba, zanen hannu a takarda ya wadatar. Galveston birni ne a kan tsibirin yashi wanda a 1900 tudunsa mafi tsayi bai kai ƙafa 9 sama da teku ba, alhali ruwan daren ya haura ƙafa 15. Titunansa na haruffa sun fara ne daga gefen tashar jiragen ruwa suka gangara zuwa bakin teku, saboda haka mutumin da ya ce gidansa yana titin Q ya gaya maka cewa a bakin haɗari yake. Gidajen da ruwa ya fara rushewa sun taru sun zama dogon tsibi na katako da kwanon rufi wanda ya niƙe abin da ke gabansa, daga baya kuma ya tsaya ya kare tsakiyar gari. Wanda ke bayan tsibin nan zai ba ka labarin ruwa a ɗaki, wanda ke gabansa kuwa zai ba ka labarin kwana a kan allon rufi cikin igiyar ruwa, kuma dukansu gaskiya suka faɗa.

Mataki na biyu shi ne inda mafi yawa suke zamewa. Kafin ka karanta layin farko, rubuta shekarar da aka yi bayanin a saman shafi. Ni a ƙa'idata wasiƙar da aka aika wa dangi a makon da abin ya faru ita ce gaba, ko da rubutunta a hargitse yake, domin mai ita bai riga ya ji labarin kowa ya cuɗa da nasa ba. Ɗauki Isaac Cline, shugaban ofishin hasashen yanayi na birnin, wanda matarsa ta rasu a daren. A rahotonsa ya ce wajen ƙarfe 7:30 na dare ruwa ya ƙaru da ƙafa 4 cikin daƙiƙa 4 yana tsaye a ƙofar gidansa, kuma wannan shaida ce ta ganau. Amma iƙirarinsa cewa ya bi bakin teku a keken doki yana gargaɗin jama'a har ya ceci dubbai, masu bincike na baya sun yi shakkarsa, musamman da yake shi ne ya rubuta a jarida a 1891 cewa babbar guguwa ba za ta yi wa birnin mummunar illa ba. Kada ka yar da shi gaba ɗaya. Ka ware abin da idonsa ya gani daga abin da yake wanke kansa da shi, sannan ka nemi wani shaida daga unguwar da zai gaskata na biyun.

Haka za ka yi da jaridun makon. Labaran da suka bazu na ɓarayi masu yanke yatsun gawa don zobe, waɗanda aka fi ɗora wa baƙaƙen fata, yawancinsu jita-jita ce da aka buga a garuruwa masu nisa. Abin da ya tabbata shi ne an tilasta wa mazaje, akasarinsu baƙaƙen fata, da bakin bindiga su loda gawawwaki a jiragen ruwa don zubarwa a teku, da ruwa ya dawo da su gaɓa kuma aka koma ƙonawa har tsawon makonni. Muryoyin waɗannan mutane ba su da yawa a takardun da aka adana, sai ka riƙa tuna hakan a duk shafin da ka buɗe.

Game da alƙaluma, kada ka ɗauko su daga bakin wanda ya tsira. Ƙiyasin mamata a birnin da kewayensa yana tsakanin 6,000 da 12,000, alhali mazaunan birnin a lokacin kimanin 37,000 ne. Akwai kuma wuraren da shaidu suka yi ƙaranci ƙwarai, kamar gidan marayu na St. Mary, inda yara 90 da mata masu hidimar coci 10 suka halaka, yara maza uku kawai suka rage. Da yawa daga cikin wasiƙu da hirarrakin suna ɗakin karatu na Rosenberg a Galveston, kuma da wasiƙun Satumba 1900 ya kamata ka fara.