Yadda Za Ka Zauna da Tambayoyin Allah Har Ka Ba Su Amsa ta Gaskiya

Maganar farko da Allah ya yi wa mutum bayan faɗuwa tambaya ce: "Ina kake?" (Farawa 3:9). Wanda ya dasa gonar Aidan ya san itacen da Adamu ya laɓe a bayansa. Kamar uwa ce da ta ga maiƙo a bakin ɗanta ta ce, "Wa ya buɗe tukunyar nan?" Ta san amsa sarai, so take yaron ya faɗa da bakinsa, don nan ne gyara yake farawa. Tambayoyin Allah cikin Littafi Mai Tsarki haka suke, kuma mai bi yana iya mai da su abin binciken zuciyarsa idan ya bi su da tsari.

Kayan aikin ba su da yawa: Littafi Mai Tsarki, ƙaramin kaye (littafin rubutu), bik (biro), da minti 20 a rana. Kowace fassarar Hausa ta isa, ko tsohuwar ta 1932 da wasu dattawa suke riƙe da ita har yau, ko ta 1979. Kalmomin tambayar sukan ɗan bambanta tsakaninsu, kuma idan kana da biyu, karanta duka yakan buɗe ma'ana. Wanda bai iya karatu ba ya saurari surar a salula, ko wani a gida ya karanta masa sau 3, sannan ya haddace tambayar kawai, tunda yawancinsu ba su wuce kalma biyar ko shida ba. A Maradi lokacin da ya fi dacewa shi ne asuba, bayan kiran salla ya tashi gari, kafin yara su farka, kafin zafi ya sauko. Da damina, manomi ya tafi da tambayar gona, ya juya ta a zuciya yana noma. Idan a salula kake karatu, ka kashe intanet tukuna, domin saƙon WhatsApp ɗaya ya isa ya cinye minti ashirin ɗin.

Tambaya ɗaya ake ɗauka a mako guda. Masu zafin nama sukan so su yi bakwai a kwana bakwai, sai su ƙare da sanin ayoyi ba tare da ko ɗaya ta taɓa su ba. Kwana biyun farko na karatu ne. Ka karanta surar daga farko har ƙarshe, ka rubuta wanda aka yi wa tambayar, inda yake, abin da ya faru kafin nan, da amsar da ya bayar. Laraba da Alhamis ka cire sunansa ka sa naka, ka furta tambayar a hankali da muryarka, ka yi shiru na minti 5, sannan ka rubuta amsa. Juma'a ka fitar da abu ɗaya da amsar take bukata ka yi, ka sa masa rana. Asabar ka koma ga surar ka duba abin da Allah ya yi bayan tambayar. Wannan matakin ne aka fi tsallakewa, alhali shi ne ke hana binciken kai ya zama azaba: Adamu da Hawwa'u sun sami tufafin fata (Farawa 3:21), Kayinu ya sami alamar da ta kare ransa (4:15).

Ga ma'aunin amsa ta gaskiya: sai an sami suna, ko adadi, ko rana a cikinta. "Ni mai zunubi ne, Ubangiji ka gafarta mini" magana ce ta gaskiya, amma mutum yana iya faɗinta shekara talatin yana ɓoye a bayanta kamar yadda Adamu ya ɓoye a bayan ganye. Amsar da ke aiki ita ce irin wannan: "Jaka goma sha biyar da na ranta wurin ƙanena tun kakar bara ban biya ba, shi ya sa na daina ɗaukar kiransa." Ko kuwa: "Tiyar da nake auna wa masu saye a kasuwa ba ita ce wadda nake sayo hatsi da ita a ƙauye ba." Amsar Adamu ta farko ma tana da sassa huɗu da za ka iya bi: abin da na ji, tsoron da ya kama ni, abin da nake jin kunyarsa, da inda na ɓuya (Farawa 3:10). Ka rubuta layi ɗaya a ƙarƙashin kowanne.

Jerin farawa yana da muhimmanci. Kada sabon mai yin wannan ya fara da Ayuba sura 38 zuwa 41, inda tambayoyi suke zubowa kamar ruwan Agusta. Waɗancan don mai da zuciya ga girman Allah ne, kuma Ayuba kansa hannu ya sa ya rufe bakinsa (40:4). A fara da "Ina kake?", a bi da ta Kayinu.

Kayinu ya sami tambaya kafin ya yi kisa, ya kuma sami wata bayan ya yi. Ta farko ita ce, "Me ya sa ka husata, me ya sa fuskarka ta ɓaci?" (Farawa 4:6), tare da gargaɗi cewa zunubi yana fako a bakin ƙofa. Bai amsa ta ba. Da ya amsa, da ba a kai ga ta biyu ba: "Ina Habila ɗan'uwanka?" A makon wannan tambaya, ka rubuta sunayen mutum 3: wanda ci gabansa yake ƙona maka rai, wanda kuka daina gaisawa, da wanda ya daina zuwa sujada ba ka taɓa zuwa gidansa ka ji dalili ba. A garin da masu bi ba su da yawa, kowa ya san kujerar da ta zama wofi. Matiyu 5:23-24 ya ce a bar baiko gaban bagade a je a shirya da ɗan'uwa tukuna, saboda haka aikin Juma'a na wannan mako tafiya ce da ƙafa, ko ka hau kabu-kabu daga unguwar Zariya zuwa unguwar Bagalam a Maradi ka yi sallama a ƙofar gidan. Idan rigimar gado ce ko ta gona, ka tafi da dattijo ɗaya da ku duka biyu kuke jin nauyinsa.

Hajaratu, a bakin maɓuɓɓugar ruwa kan hanyar Shur, an tambaye ta abu biyu: "Daga ina kika fito, ina kuma za ki?" (Farawa 16:8). Ta amsa rabin farko kawai, cewa gudu take daga uwargijiyarta. Yawancinmu haka muke, mun san abin da muke guje wa, ba mu san inda muka dosa ba. Saurayin da ke shirin tafiya cin rani Kano ko Agadas, ko matar da ta ɗaure kayanta za ta yi yaji, su raba shafi biyu su cika kowane gefe. Amma a kiyaye: umarnin da aka ba Hajaratu na ta koma nata ne, a halin da take ciki, tare da alkawarin da aka yi mata. Ba aya ce da za a ɗauka a kora macen da ake duka zuwa gidan da ranta yake cikin hatsari ba. Wannan magana ce ta fasto da dattawa da iyayenta, kuma lafiyarta ce a gaba.

Ta Musa mai sauƙin bi ce. "Mene ne wannan a hannunka?" Ya ce sanda (Fitowa 4:2). Yesu ya yi wa almajiransa irinta: "Gurasa nawa kuke da su? Ku je ku duba" (Markus 6:38), suka dawo da lissafi, biyar da kifi biyu. Kai ma ka je ka duba. Dami nawa ne a rumbu, awaki nawa, wace sana'a ka iya, awa nawa kake da su ranar Asabar, yara nawa ne a unguwa ba su iya karatu ba alhali kai ka iya.

Iliya yana bukatar a daɗe a kansa, domin a nan ne mutanen kirki suke cutar da kansu. "Me kake yi a nan, Iliya?" ta zo sau biyu, a 1 Sarakuna 19:9 da 19:13. Kafin ta zo, annabin ya riga ya roƙi mutuwa a ƙarƙashin wani itace cikin jeji. Allah bai tambaye shi kome a wurin ba. Mala'ika ya tashe shi ya ba shi abinci da tulun ruwa, ya bar shi ya sake barci, ya sake ciyar da shi, sannan aka yi tafiyar kwana 40 zuwa Horeb. Tambayar ta jira har jiki ya dawo. Don haka mai zazzaɓin cizon sauro, da mai jego, da wanda aka yi wa rasuwa a makon nan, da wanda ya kwana uku bai runtsa ba, su ajiye kayen. Gajiyayyen mutum yakan ba da amsa irin ta Iliya, "ni kaɗai na rage", alhali akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba (19:18). Wanda tunanin mutuwa ya fara zo masa kuwa, kada ya zauna da shi shi kaɗai ko kwana ɗaya. Ya faɗa wa fasto ko wani babba a gida, a kuma kai shi ga likita.

Sauran ukun da suka cika mako 8 su ne ta Yunusa, "Daidai ne ka yi fushi?" (4:4), wadda ta dace da mai jin haushin alherin da Allah ya yi wa mutanen da ba ya so, da "Ku fa, wa kuke ce da ni?" (Matiyu 16:15), da ta bakin tekun Tibariya, "Kana ƙaunata?" (Yahaya 21:15-17). Yesu ya yi wa Bitrus wannan ta ƙarshe sau 3, daidai da yawan musun saninsa da Bitrus ya yi, kusa da wutar gawayi irin wadda ya yi musun a gabanta (18:18, 21:9), bayan sun karya kumallo. Kowace amsa kuma aiki ne ya biyo ta, kiwon tumaki. Idan ka rubuta "I, Ubangiji", ka rubuta sunan tunkiyar a ƙasansa.

Abin da ya fi ɓata wannan aiki shi ne amsa wa wani. Adamu ya ce matar ce, matar ta ce macijin ne, Bitrus ma da aka gama da shi sai ya waiga ya ce, "Wannan fa?" (Yahaya 21:21). Idan ka duba shafinka ka ga sunan maigida ko surukarki ya fi "ni" yawa, ka ja layi ka sake. Na biyu shi ne amsar makarantar Lahadi, wadda take daidai amma an haddace ta ne. Maganinta ka sake rubuta amsar da kalmomin da za ka faɗa wa abokinka a bakin shago, ba tare da ko kalmar wa'azi ɗaya ba.

Na uku ya fi su hatsari. Ba kowace tambaya da ta taso a zuciya ce ta Allah ba, domin tambayar farko a cikin Littafi ta maciji ce: "Ashe, Allah ya ce...?" (Farawa 3:1). Ana gane su da inda suke kai mutum. Ta Allah tana nuna abu takamaimai, tana da ƙofar fita, tana jawo ka ga addu'a da mutane. Ta mai ƙara, wato Shaiɗan, tana maimaita laifin da ka riga ka furta aka gafarta, ba ta faɗin abin da za ka gyara, tana sa ka guje wa majami'a. Bulus ya raba baƙin ciki irin na Allah mai kai ga tuba da na duniya mai kai ga mutuwa (2 Korantiyawa 7:10). Zunubin da ka furta bisa ga 1 Yahaya 1:9, ka rubuta ranar a gefensa, kada ka sake buɗe shari'arsa. Haka kuma kada a mai da tambayar Allah sanda a kan wani. "Kana so ka warke?" Yesu ya yi wa mutum ɗaya da ya shekara 38 yana ciwo (Yahaya 5:5-6), ya kuma warkar da shi nan take. Mai ziyarar marasa lafiya a asibitin Danja ko a gida ba shi da izinin jefa ta ga majinyaci kamar rashin bangaskiyarsa ne ya kwantar da shi.

Ana iya yin wannan a ƙungiya, a zumuntar mata ko ta matasa, amma kada a wuce mutum 4 zuwa 6, maza dabam mata dabam, awa ɗaya a mako. Jagora ya fara amsawa, don idan babba bai buɗe ba ƙarami ba zai buɗe ba. A ƙungiyar mata, jagora ta ce, "Ƴar'uwa, ko kina da abin da kike so ki faɗa?", idan ta ce a'a, a wuce ba tare da matsi ba. Ba a gyara wa kowa amsarsa, ba a yi masa wa'azi a kai, addu'a ake yi masa ta jimla biyu ko uku. Abin da aka ji a wurin ba ya fita, ko da sunan "a taya ta da addu'a", domin da wannan sunan ne asirai da yawa suka zaga unguwa. Laifin da ya shafi aure ko kuɗin ikilisiya ba na ƙungiya ba ne, a kai shi ga Baba Fasto a keɓe.

Kayen ma yana bukatar tsaro a gidan da mutane suke da yawa. Ka rubuta harafin farko na suna maimakon sunan, ka ajiye shi inda yara ba sa kaiwa. Bayan mako 8, ka zaɓi Asabar ɗin da ke gaban Lahadin Jibin Ubangiji, tunda 1 Korantiyawa 11:28 ta ce mutum ya gwada kansa kafin ya ci, ka karanta duk shafukan, ka sa alama a kan ayyukan Juma'a da ka cika. Waɗanda ba ka cika ba, ka sake sa musu rana kafin ka ɗauki sabuwar tambaya, irin ta Bartimawas a Markus 10:51 ko ta Ezekiyel 37:3.