Kurakuran da sababbin zuwa Birtaniya suka fi yi, da yadda ake gyara su

A watan Janairu wata baiwar Allah ta kira ni daga Kano, ta ce don Allah in leƙa mata ɗanta da ya zo karatun digiri na biyu a Manchesta, muryarsa a waya ba ta kwanta mata ba. Na same shi da rana tsaka lulluɓe cikin bargo. A ƙarƙashin gadonsa ga wata leda maƙil da ambulan, farare da masu ruwan ƙasa, ko ɗaya bai farke ba. Na ce, "Kai kuwa me ya hana ka buɗe su?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Wallahi Kawu, da farko na ɗauka talla ce. Da suka yi yawa kuma sai tsoro ya kama ni."

Muka zauna a ƙasa muna farkewa ɗaya bayan ɗaya. Uku daga ƙaramar hukuma suke kan harajin kansil, wato harajin da take karɓa a kan gidaje, ta ƙarshensu sammacin kotu ce. Abin da ya fi ba ni takaici, yaron nan ko kwabo ba a binsa, domin cikakken ɗalibi ba ya biyan wannan haraji. Takardar shaidar ɗalibta kawai zai karɓo daga jami'a ya tura musu, aikin da bai kai rabin awa ba.

Da wannan kuskure na ƙin buɗe wasiƙa nake farawa domin shi ne uwar sauran. Mu a gida baki ke aiki: ka je ofis, ka gaisa, ka yi bayani, a duba fuskarka a yi maka alfarma. Nan takarda ke aiki, kowace takarda kuma tana ɗauke da kwanan watan da in ya wuce, magana ta canza. Saboda haka duk wasiƙar da ta faɗo ta ramin ƙofa, ka buɗe ta ran nan. Nemi ranar da aka ɗibar maka, ka ɗauki hotonta, ka adana. In Turancin ya yi maka kauri, kai ta ƙungiyar ba jama'a shawara ta Citizens Advice, kyauta suke dubawa, ko ofishin ba ɗalibai shawara na jami'arku. In ka sauya gida, sanar da banki, da kansil, da hukumar shige da fice. Wasiƙar da aka aika tsohon adireshinka, a wurinsu ta same ka.

Kuskure na biyu shi ne "wane ya ce min". Gaskiya ne matambayi ba ya ɓata, amma sai ya tambayi wanda ya san hanyar yau. Wanda ya zo a 2021 zai ba ka shawara da zuciya ɗaya, alhali dokar da ya sani an yi mata kwaskwarima sau da dama. Daga Janairun 2024 yawancin ɗaliban digiri na biyu ba sa iya ɗauko iyali, sai masu digirin bincike. A Maris na shekarar aka hana sababbin masu aikin kula da tsofaffi zuwa da nasu, a Yulin 2025 kuma aka rufe ɗauko irin waɗannan ma'aikata daga waje. Katin izinin zama na roba ya ƙare aiki a ƙarshen 2024, izinin ya koma intanet, daga nan kake fitar da lambar da mai aiki ko mai gidan haya zai tantance ka da ita. Duk abin da aka faɗa maka a majalisa ko a zauren WhatsApp, ka duba shi a shafin gwamnati na GOV.UK. In kuma shawarar biza ce za ka biya kuɗi a kanta, ka tabbata mutumin lauya ne ko yana da rajista da hukumar IAA mai sa ido kan masu ba da shawarar biza. Biza kuwa ana sabunta ta kafin ta mutu. Wanda ya shigar da takardunsa a kan lokaci, izininsa na nan har a yanke hukunci, wanda ya makara ya shiga wani hali daban.

Sai batun aiki, inda matsin aljihu ke tura mutanen kirki ga abin da ba su yi niyya ba. Ɗalibin digiri awa 20 aka ba shi a mako lokacin karatu, kuma ba a cike giɓin wannan mako da wancan. Kowane albashi yana bi ta hannun hukumar haraji, don haka lissafin yana nan a rubuce. Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne bizar ɗalibi ta haramta sana'ar kai gaba ɗaya. Kai abinci da keke a Deliveroo ko Uber Eats yana ciki. 'Yan'uwana mata, kitso da lalle da ɗinki da dafa waina ana saye, duk suna ciki muddin bizarki ta ɗaliba ce. Na san yana da zafi a ce wa mai sana'a a hannu ta naɗe hannu, amma abin da za ki samu bai kai abin da kike jefawa a wuta ba. Wanda kuma kamfani ya ɗauko, in aka soke lasisin kamfanin na ɗauko ma'aikata daga waje, galibi kwana 60 ake ba shi ya sami wani mai ɗaukar nauyi. Kada ya zauna jiran "za mu gyara" daga bakin manaja. Tun ranar da ya ga ayyuka sun fara ja baya ya kamata ya soma cigiya.

Wanda ya fi ci min rai shi ne na asusun banki, domin kara ce ke jawo shi, halin da aka rene mu a kai. Wani da kuke sallah sahu ɗaya zai ce, "Ɗan ba ni lambar asusunka, za a turo min kuɗi, nawa ya sami matsala." Kunya ta hana ka cewa a'a. Ko kuma ɗan canji ya ce wani zai zuba maka fam, kai kuma a ba da naira a gida, farashinsa ya fi na kowa. Ba ka san wanda ya turo ba, ba ka san inda kuɗin suka fito ba. In na damfara ne, sunanka ne a kai. Banki zai rufe asusun ba tare da dogon bayani ba, ana iya sa sunanka a rumbun bayanan damfara na Cifas, wanda bankuna ke dubawa, har shekara shida, ka rasa inda za ka buɗe wani asusun, har layin waya na kwantiragi ya gagare ka. Laifin wanke kuɗin haram kuwa hukuncinsa na iya kaiwa shekara 14 a kurkuku. Na ga magidanci da albashinsa ya maƙale a rufaffen asusu ga kuɗin haya ya zo, yana rantsuwa bai ci ko sisi ba, kuma na yarda da shi. Amsar da nake koya wa yaranmu gajeriya ce: "Yi haƙuri, asusuna ba ya karɓar kuɗin wani." A nan za ka tsaya, ba sai ka kawo dalili ba. Aika kuɗi gida kuma a bi ta kamfanin da ke da rajista da hukumar FCA mai sa ido kan harkokin kuɗi, ko da farashin ya ɗan gaza.

Gidan haya: kada ka biya kuɗin ɗakin da ba ka taka da ƙafarka ba, ko wani amintacce bai gano maka ba, komai kyan hoton. A Ingila kuɗin ajiya ba ya wuce hayar mako biyar a yawancin gidaje, kuma dole mai gida ya sa shi a tsarin kariya da gwamnati ta amince da shi cikin kwana 30, ya ba ka shaida. Ranar da ka shiga, ɗauki hoton kowane bango da kafet da tabo, su ne shaidunka ranar fita.

Da yawa ba sa yin rajista da likitan unguwa, wato GP, sai ciwo ya kwantar da su. Rajistar kyauta ce, kuɗin lafiya kuwa ka riga ka biya tare da biza. In abin bai kai na gaggawa ba, 111 ake kira, na rai kwakwai mutu kwakwai 999. Daga Oktoba zuwa Maris rana ba ta da ƙarfi, shi ya sa hukumar lafiya ta NHS ke ba da shawarar shan sinadarin bitamin D, mu masu duhun fata da mata masu lulluɓi ma duk shekara. A Disamba kafin ƙarfe huɗu an kira magariba. Wannan duhu, ga kaɗaici, shi ya kwantar da yaron da na fara da labarinsa. Ranar Juma'a na ɗauke shi muka je masallaci, na haɗa shi da wasu samari 'yan gida da ke haɗuwa cin tuwo duk Lahadi.

Lasisin tuƙi na Najeriya ko Nijar wata 12 yake aiki daga ranar da ka zama mazauni, don haka ka nemi na koyo da wuri, layin jarrabawa yana da tsawo. Inshorar motar abokinka ba lallai ta rufe ka ba, tuƙi babu ita kuma tarar fam 300 ce da makin laifi shida a kan lasisinka. Kilishi da dambun nama da man shanu, duk an hana shigowa da su a jaka, a gaya wa Hajiya kada ta wahalar da kanta.

Masu 'ya'ya su saurara da kyau. Sukotilan ta haramta dukan yaro kowane iri a 2020, Wales ta bi sahu a 2022, a Ingila kuma duk dukan da ya bar tabo laifi ne. Malamar makaranta in ta ga shatar bulala, ko yaro ya ce an bar su su kaɗai a gida uwa da uba sun tafi aikin dare, aikinta ne ta kai rahoto. Cire yaro daga makaranta lokacin karatu don tafiya biki gida ma yana da tara, a Ingila fam 80 kan kowane yaro ga kowane mahaifi. In ma'aikatan jin daɗin yara suka ƙwanƙwasa ƙofa, kada a ɓuya, kada a ɗaga murya, kada a kitsa wa yaro abin da zai faɗa. A shigo da su, a nemi tafinta mai jin Hausa in ana buƙata, a rubuta sunan wanda ya zo da ranar da ya zo, kada kuma a sa hannu a wata takarda sai an karanta ta an fahimta, ko lauya ya duba.