Kurakuran da baƙi ke yi in sun je kasuwar Alaba Kulito

Tun kafin ma a yi nisa bari in raba gardama, ba Alaba Rago ta Legas nake nufi ba, don da yawa da sun ji sunan can hankalinsu ke tafiya. Wannan Alaba Kulito gari ne a kudancin Habasha, bakin kogin Bilate, kan titin da ya tashi daga Shashamane zuwa Wolaita Sodo. Mutanen wajen su ake kira Alaba ko Halaba, yawancinsu Musulmi ne manoma, kuma barkononsu ya yi suna a ƙasar gaba ɗaya.

Kuskuren da ya fi ɓata wa mutum tafiya shi ne rana. Babbar kasuwar ran Alhamis take ci, in ka je Litinin ko Talata za ka ga gari dai da shaguna da kekuna amma ba abin da ka zo gani ba. Ka kwana a garin ran Laraba ko ka yi sammako daga Shashamane, ka ga yadda amalanken jakuna ke shigowa a jere da buhunan barkono da masara, maza sanye da dogayen malafunan nan nasu masu tsini sama.

Sai maganar agogo, wallahi nan ne baƙi suka fi shan wahala. Habashawa daga fitowar rana suke fara ƙirga awa, ƙarfe 7 na safe a wajenmu shi ne ƙarfe 1 a wajensu, azahar ɗin 12 kuma ƙarfe 6 ce. To direba ya ce maka mota za ta tashi ƙarfe 2, kai ka koma masauki ka miƙe ƙafa kana jiran bayan azahar, alhali 8 na safe yake nufi, kafin ka farga ta yi nisa. Duk wanda ya ba ka lokaci ka tambaye shi na Habasha ne ko na Turawa, in ya yiwu ma ya nuna maka a waya. Kalandarsu ma daban take, wata 13 gare ta kuma tana bayan wadda muka saba da shekara 7 ko 8, kar ka ga kwanan wata a rasit ka ɗauka an cuce ka.

Ka riƙe ƙananan takardun bir, kuɗin Habasha ke nan, tsohuwa mai tallan barkono a faifai ba ta da canjin 200.

Abin da ya fi damuna kuwa shi ne hoto. Gidajen Alaba na ƙauye zagayayyu ne da jinka, an yi musu zane kala-kala a bango, furanni da dabbobi da masallatai, kyau kam ba a magana. Sai ka ga baƙo ya tsayar da mota ya zaro waya yana ta ɗauka har da matan gida, ko sallama babu. Haba! Wa zai yarda a yi masa haka a ƙofar gidansa? Ka yi sallama irin tamu, za su amsa maka yadda muke amsawa, ka nemi izinin mai gida, in an ce a'a ka haƙura. In kuma aka ce ka zauna shan buna, wato gahawa, kar ka kurɓi kofi ɗaya ka miƙe, zagaye uku ake yi, na ƙarshen sunansa baraka.

Wajen sayen barkono kuma kar ja ya ruɗe ka. Ɗauki ƙwaya ɗaya ka girgiza kusa da kunne, in ya bushe sosai za ka ji ’ya’yan na ƙara a ciki, sannan ka tura hannu can ƙasan buhu ka ɗebo ka duba ko akwai danshi ko fumfuna. Ka rufe hanci da ɗankwali ko rawani a layin masu barkono, atishawa da hawaye sai sun zo. Ciniki a yi shi da fara'a, “sint naw” da Amharanci shi ne nawa ne, amma ka sani yarensu na gida Halabisa ne, gaisuwa ɗaya da ka koya a cikinsa sai ka ga fuska ta sake.

In yunwa ta kama ka kana son nama, duba ƙofar mahauci, na Musulmi kan sa alamar jinjirin wata, na Kirista kuma gicciye.