Haƙori ya tashi daren Juma'a, likita sai Litinin

Ina aiki a kantin magani a nan Garwa, kuma duk makon da gadin dare ya faɗo kanmu, bayan masu zazzaɓin cizon sauro babu waɗanda suka fi ƙwanƙwasa mana taga irin masu dafe da kunci. Likitocin haƙori ba su da yawa a arewacin Kamaru, galibinsu suna manyan garuruwa irin su Garwa, Marwa da Ngaundere. Wanda yake Gidar ko Lagdo ko Poli sai ya nemi kuɗin mota, wanda yake cikin gari ma idan abin ya kama shi ƙarshen mako sai ya jira. Ga abin da nake faɗa musu ta taga, na rubuta shi a tsanake.

A tsakiyar kowane haƙori akwai ɗan nama mai jijiya da hanyoyin jini. Idan kogo ya ci ya kai gare shi, sai ya kumbura, alhali jikin haƙori mai tauri ne ya kewaye shi ta ko'ina, ba shi da wurin buɗawa. Wannan matsin shi ne zogin da kake ji yana bugawa tare da zuciyarka. Shi ya sa yake ƙaruwa idan ka kwanta ko ka yi sujada, jini ya ƙara taruwa a kai. Babu ƙwayar da take gyara wannan, sai likita ya buɗe haƙorin ya wanke ya cike, ko ya cire shi. Duk abin da zan lissafa na rage azaba ne kafin ka isa gare shi.

Magani biyu ne suka fi yi wa ciwon haƙori aiki idan an haɗa su: farasitamol da ibufurofen. Babban mutum mai lafiya zai sha farasitamol miligiram 1000, wato ƙwaya biyu ta 500, duk bayan awa 6, kada ya wuce sau huɗu a yini da kwana. Wanda nauyinsa bai kai kilo 50 ba, ko mai ciwon hanta, ko mai shan giya, ya tsaya a ƙwaya ɗaya. Ibufurofen kuwa miligiram 400 ne duk bayan awa 8, kuma sai da abinci a ciki, ko da kunu ne kofi ɗaya. Nakan ce wa mutane su sha ibufurofen ɗin bayan asuba, da wajen ƙarfe biyu na rana, da ƙarfe goma na dare, don na daren shi ne zai ba ka barci. Ka bi agogo, kada ka jira sai ciwon ya dawo da ƙarfinsa sannan ka lalubo ƙwaya, a lokacin sai ta ɗauki kusan awa guda kana juyi kafin ta kama.

Inda mutane suka fi cutar da kansu shi ne wajen suna. Doliprane da Efferalgan da farasitamol ɗin asibiti duk abu ɗaya ne, garin maganin mura irin Fervex ma akwai shi a ciki. Wani magidanci ya taɓa zube min fakiti uku a kan kanta, ya ce, “Adda, duk na sha, babu wanda ya yi min komai.” Ukun nan magani ɗaya ne, ninkawa kawai ya yi ta yi, hantarsa ce take ɗaukar nauyin. Haka diklofenak da asfirin dangin ibufurofen ne, ba a haɗa biyu daga cikinsu. Mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda, mai juna biyu, mai shan maganin tsinka jini, da mai asmar da irin waɗannan ƙwayoyi ke tayar masa, duk su bar ibufurofen su tsaya kan farasitamol. Mai hawan jini ya tambaya tukuna. Lokacin zafin Maris da Afrilu kuma, da garin nan yake haura digiri 40, a yawaita shan ruwa, don ibufurofen a jikin da ya bushe yana wahalar da ƙoda. Yaro da nauyinsa ake auna masa, farasitamol miligiram 15 a kowane kilo duk awa 6, kuma ba a ba ɗan ƙasa da shekara 16 asfirin.

Tiramol da samari suke kawowa shawara, a bar shi. Ga ciwon haƙori bai fi waɗancan biyun aiki ba, ga jiri da amai, ga kama mutum.

Sai abin da za ka yi da hannunka. Ka zuba rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofin ruwan ɗumi, ka kurkure, ka riƙe shi a ɓangaren da ke ciwo kamar rabin minti, ka tofar. Ka maimaita bayan kowane cin abinci da kafin kwanciya. Sau da yawa zaren nama ne ko ɓawon gyaɗa ya maƙale a kogon yana danna wurin, ka fitar da shi a hankali da buroshi mai laushi ko zaren sakace. Kada ka soka allura ko tsinken ashana. Ruwan alwala ma ka ɗan ɗumama shi, ruwan randa da asuba yana iya sa ka ga taurari. Idan kunci ya ɗan tasa, naɗe ƙanƙara a tsumma ka ɗora ta waje minti 15, ka huta, ka sake. Ruwan leda mai ƙanƙara da ake sayarwa a bakin titi ya isa. Gashi da ruwan zafi a kan kumburi kuwa ba na ba da shawararsa. Da dare ka tara matasai biyu ko uku, ka kwanta a jingine, ɓangaren ciwon yana sama.

Kanumfari na iyayenmu gaskiya ne. Akwai wani mai a cikinsa, ujinol, da ke sa wuri ya mutu na ɗan lokaci, likitocin haƙori da kansu suna amfani da shi a cikon wucin gadi. Ka ɗauki ƙwaya ɗaya ka jiƙa ta da miyau ta yi laushi, ka ɗan tausa ta da haƙoran da ke lafiya, ka ajiye a jikin mai ciwon. Idan man ne gare ka, ɗigo ɗaya a ƙaramar auduga, ka matse, ka sa a kogon kawai, don yana ƙona dasashi. Ba a sa wa ƙananan yara.

Abinci ya zama mai laushi, ba zafi ba sanyi, ka tauna ta ɗaya gefen. Shayin nan namu mai sukari kamar zuma, da rake, da dabino, da goro, da kilishi, a yi musu haƙuri kwana biyu.

Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi, na sani, wanda haƙori ya hana barci zai sa duk abin da aka miƙo masa. Amma na ga bakunan da aka ɗiga wa ruwan batir, da fetur, da man birki, na ga wanda aka cusa wa kanwa da garin taba. Dasashi ya ƙone ya yi fari fat, harshe ya saluɓe, haƙorin kuma yana nan da ciwonsa. Asfirin da ake dannawa a jikin haƙori shi ma ƙuna yake yi, ƙwaya ta haɗiya ce. Masu turara hayaƙi su nuna maka tsutsa a kwano, babu tsutsa a haƙori, ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani suke cin sukari su fitar da tsami mai narka shi. Mai cire haƙori a kasuwa kuma, ƙarfen da ya shiga bakin wani shi zai shiga naka, ta nan ake ɗaukar ciwon hanta, ga saiwa da takan karye ta zauna a ciki. Amoksisilin da Flagyl da ake saya a faranti ba sa kashe zogin jijiya. Suna da ranarsu idan mugunya ta fara yaɗuwa, amma likita ne zai rubuta.

Akwai lokacin da jira ya ƙare. Idan kumburi ya sauka ƙarƙashin haɓa ko wuya, ko ya hau har ido ya fara rufewa, idan baki ba ya buɗuwa yatsa biyu su shiga, idan haɗiyar miyau ta gagara ko murya ta canja ko numfashi ya yi nauyi, idan zazzaɓi da rawar sanyi suka biyo baya, to a tafi sashen gaggawa na asibiti mafi kusa a daren, ko babu likitan haƙori a wurin. Mugunyar haƙorin ƙasa tana iya bin ƙarƙashin harshe ta toshe hanyar iska cikin sa'o'i, kuma tana kisa. Mai ciwon suga da mai juna biyu kada su jira ma a kai nan. Ƙaramin yaro mai rama da dasashinsa ke jini, bakinsa na wari, kuncinsa ya kumbura, a kai shi ranar, don haka ciwon noma yake farawa, mai cin fuska cikin kwanaki. Dattijon da ciwon muƙamuƙi ya zo masa tare da nauyin ƙirji da gumi, zuciya za a duba.

Sai tarkon da ya fi kama mutane. Bayan kwana biyu ko uku ana azaba, wani lokaci ciwon yakan ɗauke cak, mutum ya yi hamdala ya mayar da kuɗin mota aljihu. Sau da yawa jijiyar ce ta mutu, ƙwayoyin cutar kuma sun gangara saiwa, bayan makonni sai a tashi da fuska a kumbure. Haka idan ƙurji ya fashe a dasashi ka ji ɗanɗanon gishiri da wari, sauƙin na ɗan lokaci ne. Ranar Litinin ka tafi, da ciwo ko babu.

Ka ci abinci kafin ka fita, don bayan allurar kashe zafi za ka yi sa'o'i ba ka tauna ba. Ka tafi da fakitin duk abin da ka sha, ka faɗi har wanda ka sa a kogon ba tare da jin kunya ba, ka ambaci suga ko hawan jini ko ciki idan akwai. Ka tambaya ko haƙorin zai cetu da ciko kafin a yi maganar cirewa. Idan kuma cirewar ce, maganar da ake yi cewa cire haƙorin sama yana taɓa ido ba ta da tushe, mugunyar da aka bari a saiwarsa ita ce take iya kaiwa can.